Hanyar Waya ta Bayan Gareji

Takardar ta kwana tara a kan teburin Alhaji bai buɗe ta ba. Kullum da safe a kanta yake ɗora kofin shayi, har gindin kofin ya zana mata zobba. Tun da 'yarsa ta rasu haka yake yi da komai. Yana zuwa ofis ƙarfe takwas, ya sa hannu inda aka nuna masa, in an gaishe shi ya amsa, in an kawo abinci ya ci. Shagunan magani biyar gare shi a garin, duka suna buɗewa suna rufewa kamar da. Shi ne dai yake jin jikinsa kamar an yi masa allurar kashe zafi irin ta likitan haƙori, sai dai tasa ta ƙi saki, yau mako bakwai.

Ita ce ta biyu cikin 'ya'yansa huɗu, kuma ita kaɗai ta shigo harkar shagunan. Tun tana 'yar shekara tara ta kwance rediyon gidan ta mayar, har da ragowar kusoshi biyu a hannu, aka sa mata Injiniya. Sunan ya bi ta har ta zama injiniyar kwamfuta ta gaske, ya kuma haɗiye na ubanta, don kowa Baban Injiniya yake ce masa. Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke ta. Daga nan ma'aikata suka koma kiransa Alhaji, duka a rana ɗaya, ba tare da wani ya ce a yi haka ba. A gida kuwa shi da Hajiya sai su wuni ba su yi maganar da ta wuce ta cefane ba.

Ranar Talata ƙanensa ya shigo ofis. Shi ne akantan kamfanin, yaran gidan Baffa suke ce masa, har ma'aikata suka ɗauka.

"Yaya, mutanen faiba sun sake kira. Wai farashin da suka ba mu ranar Juma'a wa'adinsa zai cika."

"Wane farashi?"

"Na takardar nan da ka mayar faifan kofi."

Alhaji ya ɗaga kofin, ya yage ambulan. Maganar ya san ta sama-sama. Injiniya ce ta dage a ja wa rassan biyar wayar faiba, wadda ake binnewa a ƙasa, domin intanet ɗin da suke da shi ko hadari ya haɗu sai ya ɗauke, a bar mai saye a tsaye a kanta ana ba shi haƙuri. Ta ce in an haɗa su, daga ofis za a ga wane magani ya ƙare a wane reshe, wanne kuma ya kusa lalacewa a sito. Ya ce mata ta yi abin da ta ga ya dace, bai ƙara tambaya ba.

Kuɗin wata-wata da ke saman takardar ba wani abin tashin hankali ba ne. A ƙasa ne aka jera abin da suka kira kuɗin gini, wato haƙa rami, shimfiɗa bututu, fasa kwalta da mayar da ita, da izinin hukuma. Na rassa huɗu da sauƙi. Na reshe na biyar, wanda ke bayan babban titi, ya ninka na huɗun nan a haɗe har sau biyu.

Baffa ya ce, "Da wannan kuɗin sai mu buɗe reshe na shida, mu yi masa fenti ciki da waje, a sami canji. Ni dai a ganina a bar maganar. Wadda ta san kan abin..." Sai ya kama gyaran murfin biro.

Alhaji ya duba cikin ransa ko yana son a yi ko a bari, bai sami ko ɗaya ba. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Kawo mini fayil ɗinta."

A cikin fayil ɗin akwai taswirori da takardu, da wani ɗan littafi mai baƙin bango. Rubutunta ne, ƙanana masu jingina da juna. Ta rubuta kada a yarda da oda biyar daban-daban, a sa su haɗe ta zama ɗaya. Ta rubuta cewa in aka ɗauki kwantiragin shekara uku kamfanin faiba yana ɗaukar wani kaso na kuɗin gini a kan kowane layi, to a nemi su tara kason wuri guda, rarar rassan kusa ta tafi ga na nesa. Ta rubuta a sa iyaka a kan ƙarin da zai taso in an fara haƙa. A gefen shafin ta ƙara da cewa, "Baba zai ce tsada. A bar shi ya gama faɗa, sannan a nuna masa." Layin ƙarshe kuma kalma huɗu ne: "Mai Gareji, sai haƙuri."

Ya karanta shafin sau biyu, ya ɗan jira ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Fanka tana ta juyawa. Ya rufe littafin ya ce wa Baffa a kira su gobe.

Washegari wakiliyar kamfanin ta zo, mace ce mai saurin magana da jaka cike da takardu, tare da wani dattijo siriri da ta ce shi ne mai awonsu. Ta yi gaisuwa ta yi addu'a, sannan ta ce, "Baba, Allah ya jiƙanta, amma ta wahalar da ni. Shekarata takwas a aikin nan ban taɓa ganin wanda ya karanta ƙananan rubutun bayan takarda har ƙarshe ba sai ita. Har kuskuren lissafi ta kamo mana."

"Ta rubuta a yi oda ɗaya," in ji Alhaji, yana karantowa daga littafin kamar mai karanta takardar likita. "Ku kuma kun aiko biyar."

"Da muka ji shiru ne kwamfuta ta fitar da su yadda aka fara shigarwa. Wannan mai sauƙi ne, yau zan haɗe su."

Ya karanto na biyu. Ta ɗan ciji leɓe, ta fita baranda ta kira shugabanta, suna jiyo ta tana cewa layi biyar ne fa, ba ɗaya ba, in suka tafi wani kamfanin wa za a tambaya. Ta dawo ta ce an yarda a tara kason wuri guda. Da Baffa ya buga lissafi, rassa huɗun sun kusa tashi a kyauta, har an sami rarar da ta ɗan rage na biyar. Amma na biyar ɗin yana nan da nauyinsa.

Mai Awo ya ce, "Wannan ba a ofis ake gane shi ba. Alhaji, in takalminka mai haƙuri ne mu je ka gani."

Suka tafi su biyu. Mai Awo ya fito da wata 'yar taya mai dogon mariƙi daga bayan mota, yana tura ta a gaba tana ƙas-ƙas, tana ƙirga mita.

"Matata cewa take na auna garin nan kaf, lungu da saƙo, amma ban mallaki mita ɗaya a cikinsa ba," in ji shi. "Na ce ta yi haƙuri, akwai mita biyu da aka ajiye mini, babu mai ƙwacewa." Sai ya tuna da wa yake magana, ya yi tari ya ce, "Ka gafarce ni, Alhaji, bakin nan nawa ya riga hankalina tsufa."

"Ba komai," in ji Alhaji. Da gaske kuma ba komai ɗin.

A bakin babban titi Mai Awo ya taka wani murfin ƙarfe ya ce a ƙarƙashinsa mahaɗar wayarsu take, daga nan za a ja. Hanyar da kamfani ya zana ta bi gefen titi har shataletale, ta karya kwana, ta dawo ta layin da shagon yake. Suka bi ta da ƙafa. Mita ɗari shida da arba'in, rabinta kwalta, ga bututun ruwa a ƙasa, ga ƙofofin mutane da aka yi wa daɓen siminti, kowanne sai an fasa an gyara. Da suka dawo kan murfin, Mai Awo ya nuna masa wata ƙofa mai faɗi da ke fuskantarsu, ta wani garejin gyaran mota.

"In ta nan aka ratsa, mita ɗari da tamanin ne, ƙasa zalla, ko da cokali sai a haƙa. Sannan ramin zai wuce ta bayan asibitin can da makarantar kusa da shi. Marigayiya ta je ta same su, duka biyun sun sa hannu za su ɗauki layi a raba kuɗin haƙar uku. Saura mai filin. Ni kam sau ɗaya na leƙa, ya ce in na sake shigo masa da tayar nan zai cire mata iska."

Alhaji ya san mai filin. Shekara goma sha biyu da suka wuce sun yi shari'a a kan katangar da ta raba bayan shagon da garejin. Alhaji ya ci, aka rushe katangar aka matsar da ita taku biyu cikin garejin. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. A da, in ya hango mutumin sai ya ji wuyansa ya ɗauki zafi, ya tsallaka titi. Yanzu ya tsaya ya nemi fushin nan inda ya saba ajiye shi, ya tarar wurin fayau. Sai kawai ya taka ya shiga.

Filin duk baƙin mai ne da ƙarafa, ga motoci a ɗage a kan duwatsu. Makanikai suka dakata da buge-buge. Mai Gareji ya ɗago daga cikin injin wata mota, ƙato ne mai furfura a gemu, ya daɗe yana kallon Alhaji yana goge hannu da tsumma. Sannan ya nuna masa wata kujerar mota da aka ciro aka jingine a inuwa.

"Zauna. Nan take zama."

Alhaji ya zauna. Mai Gareji ya jawo wata tsohuwar taya ya zauna a kai.

"Sau uku ta zo. Na farko na aika a ce mata ba na nan, alhali tana kallona. Ta yi awa guda a kujerar nan, da za ta tafi ta ce a gaishe ni in na dawo. Na biyu ta tarar ina zagin na'urar duba mota, wata shida tana yi mini ƙarya. Ta karɓa ta danne-danne ta, ta gyaru. Na miƙa mata kuɗi ta ce ita ba a nan take aiki ba. Na uku na ce, je ki gaya wa ubanki ya zo da ƙafarsa. Ta yi dariya ta ce, Kawu, zai zo, ba ni mako biyu in lallaɓa shi."

Alhaji ya tuna wata safiya da ta tsaya a ƙofar ofis ta ce, Baba, akwai wata magana amma sai ka karya tukuna. Aka kira shi a waya, da ya gama ta tafi reshe na uku. Watakila wannan ce maganar, watakila kuma wata ce.

"Tun zuwanta na biyu na yarda a raina," in ji Mai Gareji. "Kai nake so ka zo ka roƙe ni, shi ke nan. Da na ji labari na taho gaisuwa, na zo har bakin layinku, na hango mutane, ƙafata ta ƙi. Na juya." Muryarsa ta karye, ya sa tsumman a fuska, kafaɗunsa suna rawa. Makanikan suka sunkuyar da kai, kowa ya sami abin da zai duba a cikin injin.

Alhaji yana zaune yana kallonsa. Ya ga baƙin man da tsumman ya shafa masa a kunci. Ya san a irin wannan wurin mutum kan ce wani abu, ko shi ma ya yi hawaye, ya jira, babu abin da ya zo. Da mutumin ya sauke tsumman sai ya ce, "Idonka na dama ya yi ja sosai, ba na kuka ba ne kaɗai. Ka aika shago a ba ka na ɗigawa."

Mai Gareji ya kalle shi kamar bai ji daidai ba, sannan ya gyaɗa kai. "Ina takardar?"

Mai Awo, wanda ya laɓe a bakin ƙofa da tayarsa a bayansa, ya matso da takardar izinin ratsa filin. Mai Gareji ya sa hannu a kan bonet, ya bar tambarin babban yatsa na baƙin mai a gefe. Sharaɗinsa biyu ne, a bi ta jikin katanga, kuma a binne da zurfi saboda manyan motoci na shigowa.

"Mita ɗaya da kwata zan sa su yi," in ji Mai Awo. "Ko jirgin ƙasa ka kawo gyara ba zai taɓa ta ba."

Ranar Juma'a wakiliyar ta dawo da sabuwar takarda. Kuɗin reshe na biyar ya sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na farkon. Baffa ya bi ta layi-layi da bakin biro, yana neman abin da zai yi ƙorafi a kai, har ya samu.

"To in suka fara haƙa suka ci karo da dutse fa? Sai su dawo su ce mu ƙaro?"

Alhaji ya buɗe littafin ya juya masa shi. Baffa ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya miƙa wa wakiliyar. Ta ce, "Na sani, Baba, kashi goma cikin ɗari, in zai wuce haka sai an tsaya an tambaye ku a rubuce. Ta sa na haddace." Aka ƙara layin da hannu, kowa ya sa hannu a gefensa.

Aikin bai tafi da sauri ba. Izinin fasa gefen titi a reshe na biyu sai da ya ci mako shida a ofishin hukuma. A iyakar gareji da shagon kuwa, kwana uku da fara haƙa diga ta daki siminti. Tushen tsohuwar katangar ne, wadda aka rushe samanta aka bar gindinta a ƙasa. Ɗan kwangilar ya zo yana sosa ƙeya yana maganar hayar injin fasa dutse da ƙarin kwanaki, Baffa ya nuna masa layin da aka ƙara da hannu. Ana cikin ja-in-ja Mai Gareji ya fito da manyan gudumomi biyu da makanikansa huɗu, ya ce shi ya zuba simintin nan, ya san inda yake da rauni. Kafin la'asar sun farfasa shi.

A kwanakin nan Alhaji kan zo da hantsi ya tsaya a bakin ramin, hannu a baya. Babu wanda ya kira shi, babu kuma abin da yake dubawa. Leburori na cilla ƙasa, ana shimfiɗa bututu mai launin ruwan lemo, ana mayar da ƙasa a daddanne. Wani lokaci Mai Gareji ya zo ya tsaya kusa da shi, su yi minti goma suna kallon ramin, sannan kowa ya koma aikinsa. Ranar da aka zo zura wayar, ma'aikacin ya fere bakinta ya nuna masa abin da ke ciki, wani zare kamar gashin kai.

"Duk ramin nan saboda wannan?" in ji Alhaji.

"Saboda shi, ranka ya daɗe."

Wata uku da 'yan kwanaki bayan sa hannu, wata Litinin da hantsi, aka kunna layi na ƙarshe. Baffa ya shigo ofis har yana tuntuɓe, ya juyo wa Alhaji da allon kwamfuta.

"Yaya, duba! Ga su nan duka biyar. Ka ga, yanzun nan reshe na uku suka sayar da maganin tari kwalba biyu. Ga na biyar, kwali goma sha ɗaya na maganin hawan jini a sito, mu kuma jiya muna ta neman sa a nan kamar mu yi hauka."

Alhaji ya kalli lambobin suna canzawa da kansu. Ya ce, "To, madalla. A aika a ɗebo shida."

Da azahar ya koma gida cin abinci. Ya tarar da Hajiya a falo, ba ta kunna talabijin ba, tana riƙe da wata waya mai shuɗin riga da tsagewa a kusurwa. Ya gane ta. Bai san tana gidan ba, balle a ce ana yi mata caji.

"Saƙo ya shigo mata ɗazu," in ji Hajiya. Ta matsar da wayar nesa da idonta ta karanta a hankali. "Wai layukanku biyar sun fara aiki. Wai in an sami matsala wannan lambar za su kira."

"Lambarta ce a takardun farko. Zan sa Baffa ya gaya musu su canza."

"A'a. Bar ta."

"In layi ya yanke nan za su yi ta kira, ko da yaushe ne."

"Sai in ɗauka in gaya maka."

Ya tsaya da hularsa a hannu, sannan ya ce to. Ta ajiye wayar a kan hannun kujera, ta tashi ta kawo abinci. Ya wanke hannu ya zauna, ta zuba masa, ta zuba wa kanta kaɗan. Sun yi nisa da ci kafin ta sake magana.

"Ya yi kyau, aikin?"

"Sun ce ya yi."

"Da sauri yake?"

"Baffa ya ce da sauri."

Ta gyaɗa kai, ta tura masa jug ɗin ruwa. Ya sha, ya zauna kaɗan har abincin ya faɗa masa, sannan ya ɗauki makullin mota, don ƙarfe uku masu kawo kaya za su zo reshe na ɗaya kuma sai ya sa hannu za a sauke.